Mama Tana Jiran Autarta

"Ki kalle ni, Auta. Sau nawa ke nan?"

Ban kalle shi ba. Na ci gaba da wanke matajan shago a cikin roba kamar su ne suka yi mini laifi.

"Na ce sau nawa ke nan?"

"Ka fi ni iya lissafi, Injiniya."

"Uku! Sau uku muna sa rana a gaban Fasto, sau uku kina ɗagawa. Jiya da na shiga ofishinsa ko tambayata bai yi ba, kalanda kawai ya sauko da ita daga bango ya miƙo mini biro!"

Da a da ne, da na yi dariya har na riƙe ciki. Yau ko murmushi ya ƙi zuwa.

Shi fa ba injiniya ba ne, mai gyaran lantarki ne. Ni na laƙaba masa sunan shekara huɗu da suka wuce, ranar da ya zo shagon Madam gyaran na'urar busar da gashi, wuta ta ja shi ya yi tsalle ya faɗa kan kujerar wanke kai. Tun daga ranar kowa ya kama, har mahaifiyarsa. Ni kuma nan nake aiki, kitso da tsifa da wanke kai, daga safe zuwa yamma.

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sassauta murya.

"Abar ƙaunata, ba faɗa na zo yi ba. Gidan da na kama ɗaki biyu ne. Ɗaya namu, ɗaya na Mama. Na sa mata fanka, na ɗaga duk wani soket sama yadda hannunta ba zai kai ba. Me ya rage?"

"Kai a ganinka soket ne matsalar?"

"To mene ne? Faɗa mini!"

"Makon jiya ruwan wanke-wanke ta watsa maka, tana ihu wai ɓarawo..."

"Ai na bushe."

"Ba wasa nake ba!" Na jefar da matajin cikin ruwa. "Ba ka san komai ba. Kana zuwa awa ɗaya da ledar lemu ka tafi. Ba ka taɓa canza mata zanin gado ba. Ba ka taɓa jin ta zage ka da bakin da ta koya maka addu'a da shi ba. Kuma Mamanka..."

"Me Mamana ta yi?"

"Ta tare ni a bakin coci ta tambaye ni wai ciwon nan ana gadonsa ne."

Ya runtse ido. "Tsoro ne irin na uwa, Auta. Na yi mata magana."

"Ka ƙyale ta, gaskiyarta ce. Ka je ka nemi wadda uwarta ke da lafiya."

Ya daɗe yana kallona.

"Haka kika ce?"

"Haka na ce."

Ya miƙe ya saɓa jakar kayan aikinsa. Sai da ya kai ƙofa ya juyo.

"Ba zan ƙara zuwa ba sai kin kira ni. Amma kada ki ɗora wa Mama wannan. Baiwar Allah ba ta san ma abin da ake ciki ba. Ke ce."

Ya fita. Na tsuguna na tsamo matajin.

Mu uku Mama ta haifa: Yaya Babba, sai Anti, sai ni. Baba ya rasu ina shekara tara, ita kaɗai ta tsaya a kanmu. Shekara goma sha biyar tana shugabar zumuntar mata a cocinmu. Mace ce mai tsafta da kwarjini, idan ta shigo wuri sai ka ga kowa yana gyara zama. Ba gidan da aka yi haihuwa ko rasuwa ba a ga Mama da tukunyarta ba.

Shekara biyu ke nan da abin ya fara. Gishiri a shayi. Takalmi a firji. Sai ta tsaya a tsakar ɗaki da cokali a hannu ta rasa me ta zo yi. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Yaya Babba yana wani gari da iyalinsa, Anti tana wani garin da nata. Ni ce ba aure, ni ce a gida. Ba wanda ya zauna ya ce, "Auta, ke za ki riƙe ta." Kowa dai ya koma inda ya fito.

Da yammar nan na iso gida na tarar da Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu da ke duba mini ita idan ina shago, tsaye a ƙofa ta ƙagu.

"Yau ba ta ci komai ba, Auta. Wai na sa mata guba."

"Sannu da ƙoƙari, Maman 'Yan Biyu. Allah ya saka."

Na shiga. Mama tana zaune a bakin gado, ta fito da duk kayan durowa ta baza a ƙasa.

"Mama, sannu da gida."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma 'yar wa ce?"

"Ni ce, Mama. Auta."

"Ƙarya kike! Ke ce kika sace mini zanina mai ruwan ƙasa."

"Mama, ga shi nan a jikinki."

"Au, har musu za ki yi da ni? Wa ya yi miki tarbiyya?"

Na ciji leɓe na fara kwashe kayan. Sai ga waya, Yaya Babba.

"Autar Mama! Ya jikin tsohuwa?"

"Yaya, yaushe za ka zo?"

"Kin san yanayin aikin nan... Amma kullum kuna cikin addu'armu. Ladanki yana wurin Ubangiji, ƙanwata."

"Yaya, ko kwana biyu ne. Ni ma in huta."

"Za mu duba. Ki yi ta haƙuri, kin ji? Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa."

Na kashe wayar tun bai gama ba. Na tsani maganar nan. Kowa ita yake faɗa mini, kuma duk masu faɗar ba wanda ya taɓa sa hannu ya ɗaga ya ji nauyin.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Ta gaba ma haka. Me zan je yi? In tsaya cikin mawaƙa ina rera cewa Allah mai aminci ne, alhali matar da ta ƙarar da ƙarfinta a gidansa ba ta san sunan 'yarta ba? An shafa mata mai, an yi azumi, ni kaina na yi na kwana bakwai har jiri ya kwashe ni a shago ina tsakiyar kitso. Me ya canza? Sai ma gaba da abin ya yi.

Na ɗauke Littafi Mai Tsarki na Mama daga kan tebur na tura shi saman kwaba. Addu'ar safe ma na daina.

Injiniya kuwa ya cika alkawari. Ko saƙo. Sai in ɗauki waya in buɗe sunansa, in yi tsaki in ajiye. Idan babur ya tsaya a ƙofar shago gabana ya faɗi, in leƙa in ga wani ne. Madam ta lura.

"Wai ina mai gyaran wutarmu ne? Ko sai na lalata soket da gangan?"

"Madam, don Allah ki bar maganar."

"To. Amma kitson nan da kike ja, kan mutum ne fa, ba igiyar rijiya ba."

A mako na biyar na yi abin da har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Safiyar Asabar ce. Mama ta ɓata gado, karo na uku a makon. Na dafa ruwa, na sirka, na kai banɗaki. Ta ce ba za ta yi wanka ba. Na lallaɓa, na roƙa, na yi mata waƙa. Ta sa ƙafa ta ture bokitin, ruwan ya malale har falo.

Ban san lokacin da na damƙi hannunta ba.

"Wai me kike so da ni?! Kashe ni za ki yi? Na rasa barci, na rasa aure, na rasa komai saboda ke! Me kuma ya rage?!"

Mama ta ƙanƙame jikinta a jikin bango, ta ɗaga ɗayan hannun ta kare fuska. Cikin wata 'yar ƙaramar murya ta ce, "Ki yi haƙuri... ba zan sake ba."

Na saki hannun. Ga shatin yatsuna huɗu a fatarta.

Na zube a cikin ruwan nan na fashe da kuka. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai ji na yi ana ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo. Mama Fasto ce, matar Fastonmu, da jakarta a hammata. Ta dubi ruwan, ta dubi Mama, ta dube ni. Ta cire takalmi, ta ɗaure zani sosai, ta kama Mama a hankali.

"Shugaba, zo mu shirya, mata suna jiranki."

Abin haushi, Mama ta bi ta salin alin.

Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta kwantar da ita. Ta goge falo. Sannan ta kwashi zannuwan gado ta fita bayan gida, na bi ta ina cewa ta bari. Ko saurarona ba ta yi ba, ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta fara cuɗawa.

"Mako biyar ban gan ki ba."

"Idan wa'azi kika zo yi mini, Mama, ki bar shi. Na ƙoshi."

"Wanki na zo yi. Miƙo sabulu."

Na miƙa mata. Shirun ya dame ni, sai kawai bakina ya ɓalle.

"Fushi nake da Shi! Kin ji? Fushi nake da Allah! Me Mama ta yi masa? Wa ya kai ta hidima? Ga mutane can suna mugunta da hankalinsu garau, ita kuwa ko hanyar banɗaki ba ta sani ba. Wannan ne ladan?"

Na jira ta tsawata mini. Ta matse zani ta jefa a bokiti.

"Kin faɗa masa?"

"Wa?"

"Shi wanda kike fushi da shi. Ni kike faɗa wa, ni kuwa ba ni na yi ba."

"Ana yi wa Allah magana haka?"

"Lokacin da na binne ɗana na fari, wata shida ba abin da nake ce masa sai 'Don me?' Da ihu fa, a kicin, Fasto yana rufe taga kada maƙwabta su ji. Bai kashe ni ba. Bai kuma ba ni amsa ba, kada in yi miki ƙarya. Amma bai bar ni ni kaɗai a kicin ɗin ba." Ta ɗago. "Gaba kike yi da shi, Auta. Gara ki yi faɗan."

Na share hanci da bayan hannu.

"Mata sun yi magana," ta ci gaba. "Mu goma sha biyu ne. Kowace ta ɗauki wuni ɗaya, ko rabin wuni..."

"A'a."

"Ban gama ba."

"A'a, Mama! Su zo su ga shugabarsu a haka? Su je suna labari? Ba zan tona mata asiri ba. Uwata ce, ni zan riƙe ta."

Ta tsayar da wankin ta zuba mini ido.

"Rabinsu ita ta yi musu wankan haihuwar fari. Ta ga tsiraicinsu, ba ta taɓa labari ba. Mutuncinta kike karewa, ko naki? Kina so a ce Auta ita kaɗai ta yi?"

Maganar ta soke ni, don haka na ƙara hawa.

"Na gode da wanki. Amma na ce a'a."

"To," ta ce. Ta shanya zannuwan ta tafi.

Kwana uku bayan nan, ranar Talata wajen sha biyun rana, ina tsakiyar yi wa wata amarya kitso, waya ta yi ƙara. Maman 'Yan Biyu ce, tana haki.

"Auta! Mama... Mama ba ta nan! Shanya kawai na fita kwashewa, na dawo na ga ƙofa a buɗe!"

Na bar kan amarya rabi a tsefe na fita da gudu, ko jaka ban ɗauka ba.

Na zaga layinmu sau uku. Na tambayi mai shago, mai faci, masu babur a bakin titi. Wani ya ce ya ga wata tsohuwa ta yi gabas, wani ya ce yamma. Na je kasuwa ina leƙa rumfa rumfa. Na je coci, ba kowa sai mai gadi. Na je asibiti na duba waɗanda aka kawo. Motoci suna wucewa a guje, kowane ƙarar burki sai in ji kamar a kanta ne.

Ƙarfe biyu. Ƙarfe biyu da rabi. Rana kamar ta fasa kai, Mama kuwa ko ruwa ba ta sha ba tun safe.

A gefen wani babban titi na tsaya. Na dafa sandar fitila, mutane suna kallona, ban damu ba.

"Ka ga abin da ka yi?" na ce da ƙarfi. "Ka ɗauke mata hankali, yanzu kuma ita za ka ɗauke a kan titi kamar marar kowa? Na gaji! Wallahi... Ya Yesu, na gaji. Ba zan iya ba. Na ce zan iya, ƙarya nake. Ka taimake ni. Abu na ƙarshe da na yi mata ihu ne, kada ka bari ya zama shi ne na ƙarshe..."

Ba a buɗe sama ba, ban ji wata murya ba. Abin da na sani kawai, hannuna ya daina taurin kai. Na ciro waya na kira Mama Fasto. Sannan na kira lambar da na yi mako biyar ina kallo.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Auta?"

"Mama ta ɓata..."

"Tun yaushe?"

"Sha biyu."

"Wane kaya ne a jikinta? ... To. Kina ina? Ki tsaya a inuwa, ki sha ruwa. Ina zuwa."

Bai ce "ai na faɗa miki" ba.

Kafin rabin awa mata sun cika unguwa. Wata da goyo, wata da kayan aikin ofis, wata da gari a hannu ko wankewa ba ta tsaya yi ba. Suka rarrabu layi layi suna nuna hoton Mama a waya. Waɗannan ne na ce za su je suna labari. Kunya ta hana ni haɗa ido da su.

Ƙarfe huɗu saura waya ta yi ƙara.

"Na gan ta. Lafiyarta ƙalau. Ki zo makarantar firamare ta tsohuwar unguwarku."

"Ina?!"

"Ki dai zo. Amma Auta... a hankali za ki zo. Kada ki yi mata ihu."

Tsohuwar unguwarmu tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙafa, mun bar ta tun ina sakandare. Mai babur ya sauke ni a ƙofar makarantar. An daɗe da tashi, an rufe get, ba kowa.

Ga Mama zaune a kan dakalin siminti a gindin katanga, ƙafafunta fari fat da ƙura, takalmi ɗaya ya tsinke. Injiniya yana zaune a ƙasa kusa da ita, ya cire rigarsa ta sama ya riƙe mata a kai saboda rana. A hannunta akwai robar ruwa da ya saya mata, ta sha rabi ta rufe.

Ya taso ya tare ni.

"Ya aka yi ka sani?" na tambaya cikin raɗa.

"Duk zuwan da nake yi da rana, sai ta tambaye ni ƙarfe nawa. Idan na ce ɗaya, sai ta fara neman mayafi tana cewa an kusa tashi. Na ɗauka coci take nufi. Yau da na je cocin ban gan ta ba, sai na tuna kin taɓa nuna mini makarantar nan." Ya share zufa. "Na yi na yi ta ƙi tashi. Wai sai yarinyar ta fito."

Na taka a hankali na durƙusa a gabanta.

"Mama..."

Ta dube ni da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu, 'yan mata. A nan kike aiki?"

Bakina ya buɗe zai ce "Ni ce, Auta," kamar yadda na saba faɗa sau ɗari a rana, ina jin haushi sau ɗari. Sai na haɗiye.

"Eh, Mama. Wa kike jira?"

"Autata. Tana aji huɗu. Wata 'yar siririya mai wushirya." Ta leƙa get. "Ba ta son in makara. Tun da babanta ya rasu, idan ta fito ba ta gan ni ba sai ta ɗauka ni ma na tafi. Shi ya sa nake zuwa da wuri." Ta ɗaga robar ruwan. "Ga shi na rage mata, da ƙishi take fitowa."

Hawaye suka ɓalle mini. Shekara biyu ina cewa ta manta da ni. Ashe ni ce abin da ya rage mata.

"Ke ce malamarsu?"

"Ni ce, Mama."

"Tana ji kuwa?"

"Tana... tana da taurin kai, Mama. Sosai."

Mama ta yi dariya, dariyarta ta da, wadda na yi wata da watanni ban ji ba.

"Haka take! Komai ita kaɗai. Jakarta ta fi ta nauyi, amma idan ka ce kawo in riƙe miki, sai faɗa. Ki yi haƙuri da ita, Malama. Zuciyarta mai kyau ce. Tsoro ne kawai yake mata yawa." Ta sa hannu ta share mini kumatu, hannun nan da har yanzu akwai ɗan shatin yatsuna. "Ke kuma me ya sa ki kuka? Wani ya taɓa ki?"

"Na yi wa mamana laifi ne."

"Ayya. Je ki ba ta haƙuri. Uwa ba ta riƙo."

"Ki yi haƙuri, Mama..."

"Ya wuce," ta ce, tana shafa kaina. "Ya wuce, kin ji?"

Injiniya ya juya mana baya yana goge ido da rigar.

Da na samu murya na ce, "Mama, Auta ta riga ta tafi gida. Tana can tana jiranki."

Nan take ta miƙe. "To me muke jira? Kai direba, ina motar?"

"Ga ta nan zuwa, ranki ya daɗe," in ji Injiniya, ya ruga ya tare tasi.

A cikin mota Mama ta yi barci a kafaɗata, robar ruwan tana rungume a ƙirjinta. Shi yana gaba kusa da direba. Na daɗe ina kallon ƙeyarsa.

"Injiniya."

"Na'am."

"Ni ce. Gaskiyarka, ni ce, ba Mama ba."

Bai juyo ba. "Kin san ranar nan har bakin titi na kai na tsaya, ina jira ki leƙo ki kira ni?"

"Tsoro nake ji. Kada ka shigo ka ga yadda abin yake, ka gaji, ka fara kallona da nadama. Gara in kore ka da kaina."

Sai a lokacin ya waiwayo, idanunsa jajur.

"Zan gaji mana. Ke ba kya gajiya? Idan na gaji ki karɓa, idan kin gaji in karɓa. Idan mun gaji mu biyu mu kira mutane. Ba mala'ika kike shirin aura ba, Auta, mai gyaran wuta ne. Amma ina son ki, kuma ba inda za ni."

"Ka yafe mini, masoyina."

"Sai kin fara zuwa ofishin Fasto da kanki. Ni na gaji da kallon da yake mini."

Direba ya yi gyaran murya. "Ku yi haƙuri fa, ba sauraro nake ba... amma 'yar'uwa, ki je."

Washegari na je wurin Mama Fasto da takarda da biro na ce ta rubuta mini sunayen matan. Ta dube ni, ta jawo durowa ta fito da takarda. Ashe tun tuni ta rubuta, da ranaku da komai.

Na kira Yaya Babba. Da ya fara, "Kuna cikin addu'armu," na ce, "Mun gode, Yaya. Asabar da Lahadin farkon kowane wata naka ne, na mako na uku kuma na Anti. Ka zo da addu'ar a hannunka." Ya yi fushi, kwana huɗu bai kira ni ba. Ranar Asabar ɗin farkon wata sai ga shi da jaka. Mama ta ɗauka mai karɓar kuɗin wuta ne ta ƙi ba shi kujera. Na same shi a bayan gida yana kuka kamar yaro, na zauna kusa da shi.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Mama ba ta warke ba, kullum wani abu yana ƙara zamewa. Akwai ranakun da har yanzu nake shiga banɗaki in rufe ƙofa in yi faɗana da Ubangiji, in fito in ɗora ruwan wanka. Sai dai yanzu ba gaba muke ba. Na daina gyara wa Mama zance. Idan ta ce ni Malama ce, Malama ce ni. Idan ta ce ƙanwarta ce, sai in ce, "Na'am, Yaya." Na koma cikin mawaƙa, ko da yake akwai baitin da idan aka zo kansa bakina kawai nake motsawa.

Bayan wata uku aka ɗaura mana aure. Mamansa da kanta ta ce ita za ta zauna kusa da Mama a layin gaba, ta riƙe mata hannu tun daga farko har ƙarshe. Ba mu taɓa sake tayar da waccan maganar ba.

Da Fasto ya sa mana albarka, muka juyo za mu fita, na ja hannun Injiniya muka tsaya a gabanta. Matan zumunta sun yi mata kwalliya, ta zauna ɗas kamar shugabar da na sani. Na durƙusa da farar rigata, shi ma ya durƙusa.

Mama ta ƙura mini ido. Ina roƙo a zuciyata, ko sau ɗaya, Ubangiji, yau kaɗai...

"Kai, amaryar nan ta yi kyau," ta ce wa Mamansa. "'Yar wa ce?"

Cocin ya yi tsit. Na ji Injiniya ya matse mini hannu. Mamansa ce ta amsa.

"'Yar wata baiwar Allah ce, Shugaba. Ita kaɗai ta rene ta."

Mama ta gyaɗa kai. Ta ɗora hannu ɗaya a kaina, ɗaya a kansa.

"To ku gaishe ta," ta ce. "Ku ce mata ta iya haihuwa."